Yadda Ake Yawon Ƙafa a Jigawa, Fadama da Kurmin Dunwich na Gaɓar Tekun Ingila

Dunwich ƙauye ne a yankin Suffolk da ke gabashin Ingila, a bakin Tekun Arewa, mutanen cikinsa ba su kai 200 ba. Duk da ƙanƙantarsa, a yini guda mai tafiya a ƙafa zai taka ƙasa iri huɗu a kewayensa: tsakuwar bakin teku, jigawa mai yashi da gajerun tsirrai, fadama mai karan ruwa, da kurmi. Kowace da irin tafiyar da take so. Wanda ya auna hanyar da kilomita kaɗai zai sha mamaki, domin a nan abin da ke ƙarƙashin ƙafarka, da cikowar teku, da tsawon rana su ke yanke hukunci. Ga yadda za ka shirya, musamman idan kana karatu ko aiki a Birtaniya kana son fita daga birni ka sha iska.

Mataki na 1: Zaɓi wata

Daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba jigawar ke yin fure. Tsiron da ake kira heather yakan rufe ko'ina da shunayya, ƙasa kuma a bushe take, rana doguwa. Ga sabon shiga, wannan ne lokacin.

Mai son tsuntsaye ya zo tsakanin Afrilu da Yuni. A watan Oktoba kuwa mazan jajayen barewa ke ruri suna karo da juna saboda mata a wajen ƙauyen Westleton da ke kusa, kallon da ake yi daga nesa. Hunturu ma ana zuwa, amma ka sani a Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, alhali a Yuni takan wuce tara na dare. Wannan bambancin ya isa ya sauya duk lissafinka.

Mataki na 2: Yadda za ka isa

Daga Landan ka hau jirgin ƙasa a tashar Liverpool Street zuwa Ipswich, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. A can ka sauya zuwa layin da ke zuwa Lowestoft, ka sauka a Darsham. Daga Darsham zuwa Dunwich akwai wajen kilomita 9 zuwa 10, kuma a nan mutane ke maƙalewa: ƙaramar tashar ƙauye ce, ba ka samun tasi a tsaye yana jiran fasinja, motar bas kuma ba abin dogaro ba ce. Ka yi waya ka kama tasi tun kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, na zuwa da na dawowa. Idan kuna da mota, babbar hanyar A12 za ku bi, ku ratse ta ƙauyen Westleton. Akwai filin ajiye motoci a bakin tekun Dunwich, akwai wani a kan jigawar, wanda na National Trust ne, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi da filaye, waɗanda ba mambobinta ba suna biya.

Mataki na 3: Duba teku da iska kafin ka duba komai

Wannan ne matakin da ba a tsallakewa, kuma tarihin ƙauyen kansa ya isa hujja. A ƙarni na 13 Dunwich na cikin manyan tashoshin jiragen ruwa na Ingila, da majami'u da kasuwa da dubban mutane. Guguwar 1286 da ta 1287, sannan ta 1328, suka toshe bakin tashar da tsakuwa, teku kuma ya ci gaba da gutsurar gaɓar har ya cinye garin kusan baki ɗaya. Majami'ar All Saints, ta ƙarshe cikin tsofaffin, ta zube daga saman gaɓa kaɗan-kaɗan tsakanin 1904 da 1919. Abin dariya, ko bayan garin ya zama kufai ya ci gaba da tura wakilai biyu majalisar dokoki har 1832. Tekun bai daina aikinsa ba. A Disamban 2013 ma ambaliya ta fasa tudun tsakuwar da ke kare fadamar Dingle, ruwan gishiri ya malala ciki.

Don haka ka nemi jadawalin cikowa da janyewar teku na Southwold ko Lowestoft, garuruwan bakin teku da ke arewa da Dunwich, a intanet. Teku na cikowa sau biyu a yini, kuma kullum lokacin na matsawa gaba da wajen minti 50. Ya fi tumbatsa a kwanakin tsayuwar wata da kwanakin da wata ya cika, wato farko da tsakiyar watan Musulunci, lissafin da ba sai an koya maka ba. Idan irin wannan tumbatsa ta haɗu da iska mai ƙarfi daga arewa, ka bar bakin teku da fadama a ranar, ka tsaya a jigawa da kurmi. Hasashen yanayi kuwa ka duba na Met Office, hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya, da safiyar ranar, ba na makon jiya ba.

Mataki na 4: Kaya

Takalmi shi ne kan gaba. Ka sa mai rufe idon sawu, mai tudun ƙasa, wanda ruwa ba ya ratsawa, kuma wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi. Sabon takalmi a kan tsakuwa bororo kawai zai haifar. Safa mai kauri, dogon wando ko da ana zafi, riguna marasa nauyi biyu ko uku da za ka iya cirewa ka mayar, da rigar ruwa a jaka ko da gari ya waye tas. Wandon jins idan ya jiƙe ba ya bushewa, ka bar shi a gida.

A jaka: ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi, filas na shayi, abin taɓawa, filasta, ƙaramin hantsaki mai tsinin baki, tocila, da batirin cajin waya. Sabis na waya yana ɗaukewa a wurare da dama, saboda haka ka sauke taswira a waya tun kana gida, ko ka sayi ta takarda ta Ordnance Survey, hukumar zana taswira ta Birtaniya. Taswirarsu ta Explorer mai lamba 231 ce ta Dunwich da ƙauyen Walberswick da ke arewa, 212 kuma ta ɓangaren kudu. In kana da madubin hangen nesa ka ɗauko, domin rabin daɗin wurin yana cikinsa.

Mataki na 5: Koyi karanta alamun hanya

A Ingila kusan kowane fili da mai shi, amma doka ta bar wa jama'a wasu hanyoyi da ke ratsa filayen. Ƙaramar kibiya ruwan ɗorawa a jikin turke na nufin hanyar ƙafa ce. Shuɗiya na nufin masu doki da keke ma na bi. Ja kuwa har mota na iya ɓullowa. Dogayen hanyoyi biyu ke ratsa yankin: Suffolk Coast Path, wadda ta taso daga Felixstowe zuwa Lowestoft, da Sandlings Walk daga Ipswich zuwa Southwold, wadda alamarta hoton tsuntsun dare ne. Ƙofar shinge da ka tarar a rufe ka mayar da ita a rufe, wadda ka tarar a buɗe ka bar ta yadda take.

Mataki na 6: Zagayen kudu, ta kurmi da jigawa

Da wannan nake ba kowa shawarar farawa. Daga filin motoci na bakin teku, ka hau siririyar hanyar da ke bayan gidajen ƙauyen zuwa saman gaɓa. Cikin 'yan mintuna za ka iske kangon Greyfriars, gidan ibadar Kiristoci mabiya ɗariƙar Francis na zamanin da, da katangarsa ta duwatsu da ƙofar shiga mai baka. Kusa da shi, a cikin 'yan itatuwa dab da bakin gaɓa, akwai dutsen kabari mai ɗauke da shekarar 1796, saura daga maƙabartar All Saints. An kafa shinge a wurin. Kada ka tsallaka don hoto. Gaɓar yashi ce da tsakuwa, ƙasanta na zaizayewa yayin da samanta ke nan da ciyawa kamar lafiya lau, sai an taka ta rufta. Haka ma idan kana ƙasa a bakin ruwa, kada ka zauna a gindinta neman mafaka daga iska.

Daga nan hanya ta shiga kurmin Greyfriars, mai inuwa da sanyi, ta fito kan kwalta na ɗan lokaci. Inda babu gefen masu ƙafa, ka bi hannun dama kana fuskantar motocin da ke tahowa. Bayan wuraren masu zango sai itatuwa su ja baya, fili ya buɗe: jigawar Dunwich ke nan, wadda ke hannun National Trust tun 1968.

A nan ka rage sauri. Ƙasar farin yashi ce mai tsami, marar albarkar noma, tumaki da zomaye ne suka hana ta zama daji tsawon ƙarnuka. Irinta a da ta miƙe tun daga Ipswich har Southwold, amma gonaki da gandun itatuwa da gine-gine sun cinye mafi yawanta. Ka durƙusa ka dubi heather da kyau, za ka ga ba iri ɗaya ba ne: akwai mai fure jajaja mai siffar ƙararrawa da ke fara buɗewa, akwai mai ƙananan furanni masu haske da ke biyo baya a Agusta. Tsakaninsu ga wata ƙaya mai furen ɗorawa da ake kira gorse, wadda idan rana ta buge ta take ƙamshin kwakwa. A kan tsinin wannan ƙayar ake ganin Dartford warbler, ɗan tsuntsu mai duhun jiki da doguwar jela a ɗage, ya yi 'yar kara mai kaushi ya faɗa cikin ƙaya. Ba a bin sa. Tsayawa ake yi cik, shi da kansa zai sake fitowa.

Daga Maris zuwa Agusta tsuntsaye irin su nightjar da woodlark na yin ƙwai a ƙasa, a tsakanin tsirran nan, ba a kan bishiya ba. Shi ya sa ake cewa a tsaya a kan hanya, mai kare kuma ya riƙe shi da igiya. Wuta kuwa haramun ce a nan: ba gashin nama, ba jefar da guntun taba. Busasshen heather da gorse suna kamawa nan take.

Jerin fararen gidajen da za ka hango a kan tudu su ne Coastguard Cottages, tsoffin gidajen masu gadin gaɓa, wajen kilomita 3 daga ƙauyen. Akwai wurin shan shayi da banɗaki. Daga nan idan ka dubi arewa za ka ga hasumiyar fitilar Southwold, kudu kuma farar ƙubbar tashar nukiliya ta Sizewell B, wadda ta fara aiki a 1995. Waɗannan biyun su ne kamfas ɗinka duk yinin: muddin kana ganin ɗayansu, ka san inda ka dosa.

A nan za ka yanke shawara. Idan kuna da yara ko ƙafa ta fara nauyi, ku zagaya jigawar ku koma Dunwich ta gonar Mount Pleasant da hanyar Sandy Lane, jimillar tafiyar wajen kilomita 8. Idan da sauran ƙarfi da sauran rana, ku gangara bakin teku ku ci gaba kudu.

Mataki na 7: Fadamar Minsmere

Gangarowa daga tudun, teku na hagunka, fadama na damanka, kai kuma kana kan tudun yashi a tsakani. Za ka ga manyan tubalan kankare a jere, waɗanda aka zuba lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don tare tankokin yaƙi. A lokacin ne ma aka sake wa filayen ruwa da gangan don hana abokan gaba sauka, karan ruwa ya mamaye wurin, tsuntsaye suka samu gida. A 1947 avocet, farin tsuntsu mai baƙin zane da baki lanƙwasasshe zuwa sama, ya dawo ya yi ƙwai a nan bayan sama da shekara ɗari ba ya hayayyafa a ƙasar. A shekarar ce ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta karɓi kula da wurin, kuma hoton wannan tsuntsu ne tambarinta har yau.

Hanyar bakin teku ta kowa ce, akwai ma dandamalin kallo kyauta. Shiga cikin gandun kansa da ɗakunan leƙen tsuntsaye sai ta ofishin baƙi, da kuɗin shiga ga wanda ba mamba ba. Ka kasa kunne a watannin Maris zuwa Mayu: wani gurnani mai zurfi da ke fitowa daga cikin kara ba saniya ba ce, namijin wani tsuntsun fadama ne da ake kira bittern. A 1997 guda 11 kacal aka ƙirga suna wannan kukan a duk Birtaniya, kafin a gyara fadamu irin wannan su farfaɗo. Shahon fadama da za ka gani yana shawagi ƙasa-ƙasa a kan kara shi ma a 1971 saura ma'aurata guda a ƙasar, kuma a nan Minsmere suke. Wasu daga cikin ƙananan tsuntsayen da ke waƙa a cikin karan kuwa baƙi ne 'yan ci-rani: idan sanyi ya ƙarato sukan ƙetare Sahara su yi hunturu a fadamun Afirka ta Yamma, irin na Haɗeja da Nguru da Tafkin Cadi.

A madatsar ruwa ta Minsmere ka juya dama ka bar teku. Kudu da nan ana aikin gina tashar Sizewell C, ana yawan karkatar da hanyoyi, ba sai ka kai can ba. Hanyar da ka juya ta wuce kangon wani ƙaramin ɗakin ibada a tsakiyar makiyaya, inda aka fara kafa gidan ibadar Leiston a 1182 kafin ambaliya ta sa mazaunansa su ƙaura a 1363, ta kai ka ƙauyen Eastbridge. Da hunturu wannan yankin taɓo ne, wani lokaci ruwa kan shanye shi. In ka tarar da ruwa ya rufe hanya, koma da baya. Kada ka ratsa ta cikin kara neman gajeriyar hanya, domin akwai lambatu masu zurfi da ba a ganinsu sai an faɗa. Daga Eastbridge ka haye gadar kogi, ka bi shuɗiyar kibiya ta cikin kurmi ka koma jigawa. Duka zagayen daga Dunwich wajen kilomita 14 zuwa 15 ne, ka ware masa awa biyar zuwa shida tare da hutu.

Mataki na 8: Zagayen arewa, zuwa Walberswick

Wannan na wata rana ne daban, wajen kilomita 13 zuwa da dawowa. Shawarata: ka tafi ta bakin teku, ka dawo ta ciki. Dalili biyu ne. Tafiya a kan tsakuwa tamkar tafiya ce a kan tulin gero, kowane taku ƙafa na nutsewa tana zamewa baya, gara a yi ta da safe ƙafa na da ƙarfi. Sannan iskar yankin ta fi kaɗowa daga kudu maso yamma, za ta kasance a bayanka a fili, a dawowa kuma itatuwa su kare ka. Ka daidaita fitarka da janyewar teku, lokacin ne ake samun jiƙaƙƙen yashi mai tauri a bakin ruwa. Wuraren da aka kewaye da igiya a kan tsakuwa na ƙwan tsuntsaye ne, ƙwan da launinsa bai da bambanci da dutse.

A Walberswick, a watannin ɗumi, akwai ɗan fito da ke haye da mutane kogin Blyth zuwa Southwold a kwalekwale mai filafili. Idan ba ya aiki, akwai gadar ƙafa can sama kaɗan, a kan layin tsohon jirgin ƙasan da aka rufe a 1929. A dawowa ka bi alamar Suffolk Coast Path ta cikin fadamar Westwood, ɗaya daga cikin filayen karan ruwa mafi girma a ƙasar. Hanyar na bin tudun ƙasa da gadojin katako, ta wuce kangon wani injin iska na jan bulo da a da yake zuƙe ruwan fadamar. Katako idan ya jiƙe santsi gare shi, ka taƙaita taku, ka cire hannu daga aljihu. Daga tudun Dingle hanya ta bi gefen gandun dajin Dunwich har ta fito kusa da majami'ar St James. Dawakan da ke kiwo a gandun an sako su ne don su rage ciyawa, ba a ba su abinci, ba a shafa su.

Mataki na 9: Maciji da kaska

Maciji mai dafi guda ɗaya ne a Birtaniya, adder, dangin kububuwa, mai baƙin zane a karkace a gadon baya, kuma jigawar nan gidansa ce. Yakan fito shan hantsi a gefen hanya daga Maris. Matsoraci ne, in ya ji motsi sulalewa yake. Kada ka kashe shi, doka ta hana. Idan tsautsayi ya sa ya sari wani, a zaunar da shi, a hana gaɓar motsi, a cire zobe da agogo, a kira 999, lambar agajin gaggawa. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa da igiya. Rabon da saransa ya kashe mutum a ƙasar tun 1975.

Kaska ta fi shi zama abin damuwa, saboda barewa na yawo da ita kuma tana iya ɗauke da cutar Lyme. Ka cusa ƙafar wando cikin safa idan za ka ratsa dogayen ciyayi. In ka same ta a jiki, ka kama ta da hantsaki dab da fata ka ja sama a hankali ba tare da murɗawa ba, kada ka ƙona ta ko ka shafa mata mai. Alamar cutar wani zagayayyen tabo ne da ke faɗaɗa, yawanci cikin mako ɗaya zuwa huɗu. A farar fata ja yake fitowa, amma a baƙar fata yakan yi wuyar gani, yana iya kama da wurin da aka buge. Idan ka ga haka, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi suka biyo bayan tafiyar, ka ga likita ko ka kira 111, lambar neman shawarar lafiya, ka faɗa musu ka shiga daji. Hatsarin da ya shafi teku, gaɓa ko taɓo kuwa, 999 za ka kira ka ce a haɗa ka da masu gadin gaɓa.

Mataki na 10: Salla da abinci

Babu masallaci a waɗannan ƙauyuka, ka taho da ƙaramar darduma da gorar alwala daban. Alƙibla daga nan wajen digiri 120 take, kuma da yake gaɓar na kallon gabas, ka fuskanci teku ka ɗan karkata dama. Da hunturu azahar, la'asar da magariba duk na iya riskarka a hanya cikin awa huɗu, sai ka tsara wuraren tsayawa tun farko. Ka zaɓi gefen hanya mai gajeriyar ciyawa ko bakin teku, ba cikin heather ba.

A bakin tekun Dunwich akwai wurin sayar da soyayyen kifi da dankali da ya yi suna, akwai kuma gidajen abinci a Walberswick da Eastbridge. Ka tambayi irin man da ake suya da shi, da kuma ko an sa giya a kwaɓin fulawar kifin, domin wasu wuraren a Ingila suna yin haka. Ba sa jin haushin tambayar. Da yawansu sukan rufe da wuri ko su rage kwanakin aiki da hunturu, shi ya sa guzurin jaka ba ya zama asara.

Mataki na 11: Komawa

Ka faɗa wa wani hanyar da za ka bi da lokacin da kake sa ran fitowa. Ka sa wa kanka lokacin juyawa: duk inda kake, idan saura awa biyu rana ta faɗi, ka kama hanya mafi kusa zuwa ƙauye. In ka iso da wuri kafin tasi, ƙaramin gidan tarihi da ke kan titin St James na da siffar tsohon garin da aka ƙera, inda za ka ga titunan da yanzu ke ƙarƙashin ruwa, sai dai ba duk watanni yake buɗewa ba. Shararka ka tafi da ita. Jiragen Darsham kusan ɗaya ne a awa, ranar Lahadi ka sake duba jadawali. Da ka isa gida, kafin wanka, ka duba bayan gwiwa, ƙugu, hammata da bayan kunne, ka duba na yara har cikin gashin kai.